DARASI: IN KAYAN DA KA SAYA SUKA YI MAKA LAHANI, YAYA ZA KA SAMI LAUYA?

Wuraren karatu: Fitowa 21:18-19 da 28-36, Maimaitawar Shari'a 22:8, 1 Korantiyawa 6:1-8.

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin zumuntar mata, zumuntar maza da ta matasa a ikilisiyoyin yankin Kudan, Maƙarfi da Ikara. Muna roƙon shugaban ƙungiya ya sa a karanta shi da ƙarfi, saboda 'yan'uwanmu da ba su iya karatu ba.

Kakanninmu sun san maƙerin da ya ƙera musu fartanya, sun san sunansa da na ubansa. In ta karye tun ba a je ko'ina ba, sai a koma masa. Yau ku duba gidajenku da gonakinku: risho, tukunyar gas, fitila mai caji, batirin sola, injin ban ruwa a fadama, injin matse rake a wurin dafa mazarƙwaila, maganin feshi, maganin tarin yara. Babu ɗaya da aka yi a Kudan ko Hunƙuyi. Wasu daga Legas suke, wasu daga Sin ko Indiya. In ɗaya daga cikinsu ya fashe ko ya sa wa yaro guba, wa za ka kama?

Na taɓa zuwa jaje wani gida inda risho ya yi bindiga ya ƙone uwar gida daga hannu har ƙirji. Duk wanda ya ji yadda wutar ta tashi ya san an gauraya kananzirin da fetur. Ran kwana uku da muka isa, na tambayi rishon, aka ce an sayar wa 'yan gwangwan don kada a riƙa ganinsa ana tunawa. Na tambayi ragowar kananzirin, aka ce an zubar a bayan gida. Katin asibiti ma yara sun yi wasa da shi. Maigidan ya ce mini yana so ya ɗauki lauya. Ban san da bakin da zan gaya masa cewa ya riga ya zubar da shari'arsa tare da kananzirin ba.

Abin da ya faru a 2008

A watan Nuwamba na 2008 aka fara kawo ƙananan yara asibiti da zazzaɓi da amai da zawo, daga nan sai fitsari ya ɗauke musu ɗungurungum, ƙoda ta daina aiki. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya yana cikin asibitocin farko da suka ga wannan abu, tare da wasu a Legas da Ibadan. Da aka bi diddigi sai aka tarar iyayen sun ba yaran wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas yake yi. An sami wani sinadari mai guba a cikinsa, irin wanda ake sawa a man birkin mota. Zuwa watan Fabrairu na 2009 gwamnatin tarayya ta ce yara 84 sun mutu. Wannan kuwa ba shi ne karo na farko ba, don a 1990 irin gubar nan a cikin maganin zazzaɓin yara ta kashe yara 109 a Jos da Ibadan.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, hukumar NAFDAC ta iya kama bakin zaren ne saboda an sami kwalaben maganin, an karanta lambar rukunin da aka sarrafa shi, an kuma kai shi ɗakin gwaji. Na biyu, sai a watan Mayu na 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Amma wannan shari'ar laifi ce, tsakanin gwamnati da waɗanda ake tuhuma. Manufarta hukunta mai laifi. Ko da yake alƙali yana da ikon ya ce a biya wanda aka cuta wani abu, bai kamata iyali su zauna jiran wannan ba. Neman diyya wata ƙara ce dabam, wadda kai da aka cuta za ka shigar da kanka, kuma nan ne buƙatar lauya take.

Ya dace mai bi ya kai ƙara?

Wannan tambaya ita ce takan fara tasowa a cikin ikilisiya, don haka bari mu fuskance ta. Mutanenmu sukan ce haka Allah ya so, a bar wa Allah. Haƙuri abu ne mai kyau, gafara kuma umarni ne. Amma ku karanta Fitowa sura 21 a hankali. Dokar Musa ta bambanta tsakanin sa da ya soki mutum ba zato, da sa wanda an san yana suka, an gargaɗi mai shi, bai ɗaure shi ba. A na biyun, alhakin yana wuyan mai san. Haka wanda ya haƙa rami bai rufe ba, dabbar wani ta faɗa, zai biya. Aya ta 19 ta ambaci abu biyu da wanda ya ji wa ɗan'uwansa rauni zai ɗauka: kwanakin da ya yi bai yi aiki ba, da jinyarsa har ya warke. Abin mamaki, waɗannan biyun su ne farkon abin da lauya zai lissafa maka a yau. Maimaitawar Shari'a 22:8 kuma ta ɗora wa mai gina gida nauyin yi wa rufinsa kariya tun kafin wani ya faɗo.

To, 1 Korantiyawa 6 fa? Manzo Bulus yana tsawata wa 'yan'uwa cikin ikilisiya guda da suke jan juna gaban alƙalai a kan abin da dattawa za su iya sasantawa. In mai shagon da ya sayar maka ɗan ikilisiyarku ne ko maƙwabci, lalle a fara da zama gaban dattawa ko mai unguwa. Amma dattawan ikilisiya ba su da ikon kiran kamfanin da ke Legas. Bulus ɗin nan da kansa, da ya ga ba za a yi masa adalci ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 25 ta nuna. A ganina, wanda ya yi shiru a kan gurɓataccen magani bai yi wa ɗan maƙwabcinsa alheri ba, domin sauran kwalaben suna nan a kan kanta.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Tushen wannan fanni na shari'a wata ƙara ce daga ƙasar Sikotilan, wadda aka yanke a 1932. Wata mata ta sha lemon kwalba da ƙawarta ta saya mata, ta ce ta ga ruɓaɓɓen dodon koɗi a ciki. Kotun ƙarshe ta Birtaniya ta ce mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da lafiyar wanda zai yi amfani da su, ko da ba daga hannunsa ya saya ba. Kotunanmu sun bi wannan ƙa'ida. A 1985 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke wata shari'a da lauyoyi ke kira ta Ngonadi, a kan firij mai aiki da kananzir da ya fashe ya ƙone matar da ta saye shi. Kamfanin da ya sayar mata ya ce shi mai rarrabawa ne kawai, ba shi ya ƙera ba. Kotu ba ta karɓi wannan hanzari ba, ta ce ya biya.

A farkon 2019 aka sa hannu a kan sabuwar dokar kare masu sayen kaya, wadda ta kafa hukumar FCCPC a madadin tsohuwar hukumar CPC. Sashe na 136 ya ce in kaya masu aibu suka jawo lahani, wanda ya samar da su zai ɗauki alhaki, ko da wanda ya ji raunin ba shi ya saya ba. Sashe na 145 kuma ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya samar da kayan in an yi zargin suna da aibu. Wannan sauƙi ne babba ga talaka. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Har yanzu kai ne za ka nuna cewa kayan daga wurin wane suka fito, kuma su ne suka ji maka. Ƙararraki da yawa irin waɗannan a nan suka faɗi.

Kuma ba kowane rauni ne laifin kamfani ba. Wanda ya yi feshi iska na kaɗo masa, ba abin rufe hanci, ya ci goro da hannun da bai wanke ba, ko wanda ya zuba maganin ƙwari a kwalbar lemo yaro ya sha, zai yi wuya ya ɗora wa wani. Mai bi ba ya ƙara gishiri don ya ci diyya. Wannan shaidar zur ce.

Kafin ka je wurin lauya

Nan ne zuciyar darasinmu. Lauya ba ya ƙirƙiro shaida, da abin da ka kai masa yake aiki. Makon farko bayan haɗari, lokacin da hankalin kowa ya tashi, shi ne lokacin da ake ci ko a faɗi. Don haka ya kamata wani ɗan'uwa mai natsuwa, ba majinyacin ko uwarsa ba, ya ɗauki wannan aiki.

Da farko a kai mai rauni asibiti, ba kemis ba, ba kuma wurin mai maganin gida kaɗai ba. Ko Hunƙuyi ne, ko Maƙarfi, ko Wusasa, ko Shika, a gaya wa likita ainihin abin da ya faru da sunan abin da aka sha ko ya fashe, don ya shiga rubuce a fayil tun ranar farko. Daga baya za a nemi rahoton likita, kuma likita ba zai rubuta abin da ba ya cikin fayil ba. A adana kati, takardar magani, sakamakon gwaji da kowane rasit, har kuɗin mota a rubuta a littafi da kwanan wata.

Sai kayan da suka yi ɓarnar. Kada a jefar, kada a wanke, kada a kai wa mai gyara, kada kuma a mayar wa mai shago ya canza maka wani. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon da ya fi kama mutanenmu: mai shago ya ba ka haƙuri, ya ba ka sabo, ya karɓe tsohon, shi ke nan hujjarka ta tafi. A ajiye kwalba da murfinta da kwalinta da ragowar abin da ke ciki, a ɗaure a leda, a ɗora inda yara ba za su kai ba. A jikin kwalin akwai sunan kamfani, lambar rajistar NAFDAC in abinci ne ko magani ko maganin feshi, lambar rukuni, da ranar da zai lalace. A kwafe su a takarda, a kuma ɗauki hotonsu da waya, tare da hoton raunin da na wurin da abin ya faru.

Na san a kasuwannin ƙauye ba a saba ba da rasit ba, wani ma zai ga kamar ka raina shi in ka nema. To, in babu rasit, a rubuta sunan mai shago, ranar da aka saya, nawa aka biya, da wanda yake wurin. In ta waya ka tura kuɗin, kada ka goge saƙon banki. Amma daga yau, duk abin da ya kai tukunyar gas ko inji ko batir, ku nemi rasit, ko a bayan kwali ne ya rubuta ya sa hannu.

Daga nan a kai rahoto. Magani, abinci, abin sha da maganin feshi na NAFDAC ne, wadda take da ofis da ɗakin gwaji a Kaduna. Kayan wuta, tukunyar gas, taya da makamantansu na hukumar SON ne. FCCPC kuma tana karɓar koke a kan kowane irin kaya, ba sai da lauya ba. In hukuma za ta karɓi samfur, a ba ta wani sashe a riƙe saura in zai yiwu, a kuma karɓi takardar shaidar sun karɓa. In an rasa rai ko gida ya ƙone, a sanar da 'yan sanda don a sami rahoto a rubuce, amma ku sani caji ofis ba wurin karɓar diyya ba ne. Sa a kulle ɗan tireda kwana biyu bai biya kuɗin asibiti ba. An bar jaki ne ana dukan taiki.

Abu na ƙarshe, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a wata takarda da wakilin kamfani ko dila ya kawo tare da kuɗin magani, sai wanda ka amince da shi ya karanta maka ita duka. Sau da yawa a ciki an rubuta cewa ka yafe duk wani haƙƙinka.

Ina lauyan yake?

Lauyoyin da suka fi kusa da mu galibi a Zariya suke da ofis, inda Babbar Kotun Jiha take zama, kuma ƙungiyar lauyoyi ta NBA tana da reshe a can. Mai ƙaramin ƙarfi yana da ƙofofi uku da zai fara ƙwanƙwasawa. Akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba talakawa lauya kyauta, wadda ake kira Legal Aid Council, an kafa ta a 1976, tana da ofis a Kaduna. Dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsaya wa wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, kuma neman diyyar haɗari yana cikin ayyukanta. Lauyoyinta kaɗan ne, aiki ya yi musu yawa, sai an yi ta bibiya. Akwai ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, mai taimakon mata da yara. Sannan Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kongo tana da wurin da ɗalibai ke ba da shawara kyauta a ƙarƙashin kulawar malamansu. Ɗalibi ba zai tsaya maka a kotu ba, amma za a gaya maka ko maganarka tana da ƙafa, a kuma nuna maka hanya.

In lauya mai zaman kansa za ka ɗauka, ka tambayi wanda ya taɓa aiki da shi, kada ka bi ɗan kamashon da ya tare ka a bakin kotu ko a gadon asibiti. Ƙa'idar aikin lauyoyi ta hana farautar masu ƙara ta wannan hanya. Ba duk mai baƙar kwat ne lauya ba. Lauya na gaske sunansa yana cikin rajistar Kotun Ƙoli a Abuja, yana da lambarsa, kuma tun 2015 ana buƙatar ya manna hatimin NBA mai ɗauke da sunansa a takardun da ya shirya. Ka je ofishinsa da ƙafarka, ka tafi da wani mai karatu. In kana shakka, ka tambaya a reshen NBA.

Ko cikin lauyoyin gaske ma, kowa da fanninsa. Wanda ya gwanance a rikicin gona ko beli ba lalle ne ya taɓa yin shari'a da kamfani ba. Ka tambaye shi ba kunya: ka taɓa yin irin wannan? Wa za mu kai ƙara, mai shago, dila, ko kamfani, ko dukansu? Wace kotu? Za a buƙaci likita ko masanin gwaji ya zo shaida, wa zai biya shi? Kai za ka riƙa zuwa kotu ko yaronka? Lauyan kirki zai tambaye ka fiye da yadda ka tambaye shi, zai kuma gaya maka raunin maganarka. Wanda ya ce maka tun ranar farko lalle za ku ci miliyoyi, ko ya ce alƙali mutuminsa ne a kawo na goro, ka ɗauki hularka ka fita.

Maganar kuɗi a yi ta tun farko, a rubuce. Akwai ladan lauya, akwai kuɗin shigar da ƙara da kotu ke ba da rasit a kansa, akwai kuɗin mota duk ranar zama. Doka ta yarda a irin wannan ƙara ku yi yarjejeniya cewa sai an ci zai ɗauki wani kaso. In haka kuka yi, a rubuta kaso nawa ne, da wanda zai ɗauki ɗawainiya in an faɗi. Ka ba shi kwafin takardunka, ka riƙe na asali sai ranar da kotu ta nema. Lauyan da ya ci amanarka ana iya kai ƙararsa ga NBA, akwai kwamitin ladabtarwa da yake da ikon soke sunansa. In gidaje da yawa abu ɗaya ya shafa, ku haɗu ku ɗauki lauya guda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ganin Dala ba shiga birni ba ne

Doka ta sa wa'adin shigar da ƙara. In ya wuce, kome gaskiyarka kotu ba za ta saurare ka ba. In kuma wata ma'aikatar gwamnati tana cikin waɗanda za a kai ƙara, wa'adin yana iya zama wata 3 kacal. Saboda haka kada a jira sai an sayar da rake ko an gama girbi kafin a je neman shawara.

Shiga da wuri ne, amma fita sai an yi haƙuri. Wani mutum da ya tarar da mataccen kyankyaso a kwalbar Fanta a 1991, sai a 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da nasararsa, shekara 17. A Kano kuma, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, inda yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka mutu. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Sai a watan Agusta na 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar su ne dangin yaran. Ko a can ma, sai da aka koma ga hujja.

Don haka in lauyanka ya rubuta wa kamfani, suka zo da tayin sasantawa mai ma'ana wanda zai ɗauki jinya da asarar aiki, ba faɗuwa ba ce a karɓa. Amma a yi shi a rubuce, a gabanka, kuma kai ne mai cewa e ko a'a, ba lauya ba.

Don tattaunawa

Wane ne a ikilisiyarku za a iya kira ranar da haɗari ya faru, ya tattara kwalba da kati da rasit yayin da sauran ke jinya? In mai shagon da ya sayar da kayan ɗan'uwa ne cikin ikilisiya, shi ma bai san suna da aibu ba, yaya dattawa za su taimaka har ya faɗi dilan da ya saro wurinsa?

Mako mai zuwa kowa ya zo da kwalin magani ɗaya ko robar maganin feshi da ta ƙare, a ɗaure cikin leda. Shugaban ƙungiya zai nuna wa kowa inda ake samun lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar lalacewa.